Uba Biyu a Fayil Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya fitar da ni daga gida lafiya, shi kuma ya mayar da ni.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar Libiya ba teku ba ne, ko da yake ranar na fara ganin ruwan da ba a hango tsallakensa. Waya ce. Garin da aka kai mu aiki tashar lodin man fetur ce a bakin teku, an kewaye ta da waya mai ƙaya har zagaye uku, kowane zagaye da ƙofarsa da masu gadinsa. A wurinmu ana yin shinge ne don akuya, kuma ko akuyar ta san inda ɓaraka take. A can don mutum ake yi, mutumin kuma ma'aikacin wurin ne.

Kowa yana da kati a maƙale a ƙirji. Mai farin kati iyakarsa sansanin kwana da ɗakin girki. Mai kore yana shiga garejin gyara da sito. Mai ja shi ne ke wucewa har can ciki, inda manyan tankuna suke, da inda jiragen ruwa ke tsayawa a ɗura musu mai. Ni direba aka ɗauke ni, mai kai bututu da kayan aiki har bakin ruwa, saboda haka in ba ni da jan kati, ba ni da aiki.

Sunana Yusufa. An haife ni a Maruta, ƙasar Gwaram, amma a Birnin Kudu na tashi. A can na yi allo, na taɓa elemantare kaɗan, na kama bin mota har na zama direba a hanyar Kano zuwa Potiskum. Ba a daɗe da canja fam zuwa naira ba wani ɗan kwangila ya zo Kano neman direbobi, aka sa ni a ciki.

Kafin a ba mutum jan kati sai ofishin tsaro ya tantance shi. Aka shigar da ni wani ɗaki mai fanka a sama, ga magatakarda da takarda doguwa, ga tafinta, mutumin Chadi mai guntuwar Hausa. Tambayoyin sun burge ni, har na riƙa jiran ta gaba. Wace ƙasa na taɓa zuwa? Ina da ɗan'uwa soja? Na taɓa shiga jam'iyya? Na iya ninƙaya? Wannan ta ƙarshe har yau ban san ko so suke in iya ko kada in iya ba. Sa'an nan aka ce in ɗaga hannu in rantse duk abin da zan faɗa gaskiya ne. Na rantse.

Tafinta ya ce, "Sunan ubanka. Wanda ya haife ka."

Na ce, "Jibrin."

"Ubansa?"

"Usmanu."

Aka rubuta, na dangwala yatsa, na fita ina tunanin abincin rana. Bayan mako biyu aka ba ni jan kati na kama aiki.

A nan sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba mai karatu ba zai ga ramin da na faɗa ba. Ni ɗan fari ne. A gidajen irin namu, na Fulanin da suka zauna suka kama noma ba su saki shanu ba, iyaye kunyar ɗan fari suke ji. Ba sa kama sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ni aka ba da ni riƙo ga ƙanin mahaifina, Malam Hamidu, teila a Birnin Kudu. Shi nake kira Baba. Mahaifina kuwa Baffa nake ce masa, yadda sauran yaran gidan ke faɗi. Ranar da Baba ya kai ni makaranta, malami ya dube shi ya rubuta Yusufa Hamidu. Lasin tuƙi ya bi takardar makaranta, fasfo ya bi lasin. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Duk unguwarmu an san waye ya haife ni, an san waye ya riƙe ni, ba wanda ya taɓa tambayar takarda.

Na yi wata bakwai ina aiki lafiya. Abokin ɗakina wani Babarbare ne mai suna Modu, daga wajen Diffa, kuku ne a sansanin. Tun ranar da ya ji ni Bafillace ne ya ce Allah ya kawo masa bawansa har gida. Ni ma ban raga masa ba.

Wata safiya na tsaya da mota a ƙofa ta biyu, na miƙa kati kamar kullum. Mai gadi ya duba wani littafi, ya dube ni, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko almakashi. A gabana ya datse kusurwar katin. Ya ba ni wata takarda a ambulan, ya ce in sauka, wani zai shigar da motar.

Larabcina na littattafan zaure ne, in na yi magana da shi a kasuwa dariya ake yi, ana cewa ga liman ya zo sayen albasa. Amma karatu ina yi a hankali. Na zauna a gindin bango na bi takardar baƙi baƙi. An soke izinina saboda bayanin ƙarya. Fasfona ya ce ubana Hamidu, rantsuwata ta ce ubana Jibrin. Ko dai na yi rantsuwar ƙarya, ko kuma da fasfon wani na shigo ƙasar. Ina da kwana arba'in in ɗaukaka ƙara gaban kwamiti. In ban yi ba, ko na yi na faɗi, za a miƙa ni ga 'yan sanda, daga nan a kore ni, a sa sunana a littafin waɗanda ba za su sake shigowa ba.

Da na karanta wa Modu sai ya ajiye ludayi ya ce, "Ka ga halin Fulani. Mutane na neman uba ɗaya da ƙyar, kai ka tara biyu kana ɓoyewa."

Na ce, "Ba wasa ba ne, Modu."

"Na sani, bawana. Ci abinci tukuna. Ba a taɓa korar mutum da cikinsa a cike ya ji zafi kamar mai yunwa ba."

An cire sunana daga masu karɓar abinci tun ranar. Duk kwanakin nan Modu ne yake raba nasa biyu, yana ajiye mini a ƙarƙashin gado, yana cewa ragowar karnuka ce.

Wanda ya fara cutata wani ne da na haɗu da shi a wurin mai shayi, a wajen waya. Yana da kwat mai kyau da ƙaton zobe. Ya saurari labarina yana girgiza kai kamar ɗan'uwana, ya ce surukinsa ne ke riƙe da makullin ɗakin fayil, takarda ɗaya ce za a zare a sa wata, shi ke nan. Ya ce surukin ba ya karɓar komai, amma yana son rediyo. Ina da sabuwar rediyo da nake kama tashoshin Hausa da ita. Na kai masa. Na yi kwana huɗu ina zuwa wurin mai shayi, ran na biyar mai shayin ya ji tausayina ya ce in daina wahalar da ƙafata, mutumin ba shi da ko mata, balle suruki. Na yi istigfari, domin na san ba rediyon kaɗai na rasa ba. Na je neman a gyara zargin ƙarya da wata ƙaryar.

Bayan rediyon ta tafi ne kewar gida ta kama ni sosai. Ba aiki, ba murya. Sai in zauna in fuskanci kudu ina lissafa duwatsun Birnin Kudu ɗaya bayan ɗaya, ina tuno ƙarar keken ɗinkin Baba da hantsi, da ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari a Maruta.

Ladanin masallacin da muke Juma'a ne ya yi mini kwatancen wani lauya, mutumin Sudan, ana ce masa Ustazu Tijjani. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a saman shagon kayan gyaran mota, fayil har rufi. Na yi sallama na fara jero Larabcina na zaure. Ya bar ni na yi nisa, sa'an nan ya ce da Hausa, "Samari, zauna ka huta. Wane gari?"

Ashe kakarsa Bahausa ce, cikin waɗanda suka tashi zuwa Makka a ƙasa suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Hausarsa ta tsofaffi ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Kuɗi wuri yake ce musu.

Ya karanta takardar sau biyu. Ya bayyana mini yadda abin yake, ni kuwa na saki baki ina sauraro, domin ban taɓa jin irin wannan shari'a ba. Ya ce a gaban alƙali, mai zargi ne ke kawo hujja. A gaban wannan kwamiti kuwa ba haka ba ne. Kati ba haƙƙina ba ne, amana ce suka ba ni, in sun yi shakka sun karɓe abinsu. Ba sai sun tabbatar ni maƙaryaci ne ba. Ni ne zan tabbatar musu ba abin shakka a kaina.

Na ce, "To, Ustazu, yaya mutum zai wanke kansa daga abin da ke cikin zuciyar wani?"

Ya ce, "Abin da nake ci da shi ke nan. Akwai hanya biyu. Gajeriyar ita ce wannan. Fasfo ya ce Hamidu, lasin ya ce Hamidu, takardar kamfani ta ce Hamidu. Takarda ɗaya ce tak ta ce Jibrin, ita ma ta bakin tafinta mai rabin Hausa. Ka ce bai fahimce ka ba. Ka sake rantsuwa cewa Hamidu ne ubanka. Ba wanda zai tafi ƙauyenku ya duba."

"Tafintan ya fahimce ni sarai."

"Ban tambaye ka ba."

"In ɗora masa laifin da bai yi ba, sa'an nan in rantse Jibrin bai haife ni ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Na faɗa maka ne don in ga irin mutumin da zan tsaya wa. Da ka karɓa, da na tura ka wurin wani lauya a ƙasan titi. Doguwar hanya kuwa, sai mu kawo shaida daga gida. Su biyun su je gaban alƙali, kowa ya faɗi matsayinsa, a buga hatimi. Wanda ya riƙe ka ya ce riƙo ne. Wanda ya haife ka ya ce, Yusufa ɗana ne. Kalma uku. Zai yi wuya?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka lissafin kwanaki nake yi.

Na rubuta wasiƙa da ajami zuwa ga Baba Hamidu, na zayyana masa komai, na ja layi a ƙarƙashin kalmomin nan uku. Wani Bakano mai fataucin turare da zai hau jirgi ya tafi da ita, ya ce in ya dawo zai zo da amsa. Kwanaki suka yi ta tafiya. Ustazu bai zauna ba. Ya nemi a ba shi kwafin fayil ɗina, aka ce sirri ne. Ya rubuta ya ce to a ba shi shafin da aka dogara da shi kawai, aka ba shi. Ya karɓo takarda daga shugaban direbobi cewa wata bakwai ban taɓa makara ba, ban taɓa kauce hanyar da aka ba ni ba. Ya sa aka ɗauki hoton yatsana aka gwada da na lasin. Kowace takarda sai ya nuna mini ya ce, "Wannan ba za ta ci shari'a ba, amma za ta hana su gaggawa."

Saura kwana biyar mai turare ya dawo. Ban buɗe ambulan ba sai a ofishin Ustazu. Takarda uku ce a ciki. Ta farko shaidar Baba Hamidu, da hatimin alƙali, komai daidai. Ta biyu ta mahaifina, ita ma da hatimi. Ustazu ya karɓa yana murmushi, ya karanta, murmushin ya tafi. Ya karanta mini da ƙarfi.

An rubuta cewa Malam Jibrin ɗan Usmanu, mazaunin Maruta, ya bayyana gaban alƙali. An tambaye shi ko Yusufa ɗansa ne. Ya amsa da cewa, haka mutane suke faɗi.

Ustazu ya ce, "Haka mutane suke faɗi? Za a ɗaure ɗansa a ƙasar wasu, abin da ya samu ya ce ke nan? Kuna da rigimar gado ne?"

Na ce, "Ba mu da rigimar komai."

A bayan shaidarsa Baba Hamidu ya ƙara mini bayani da hannunsa. Ya ce da kansa ya je Maruta ya ɗauko yayansa a kan keke zuwa Gwaram. A hanya ya yi ta koya masa abin da zai faɗa, shi kuwa yana cewa to. Da suka shiga aka yi tambayar, ga mutane cike da zaure, sai ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda. Alƙali ya maimaita har sau uku. Abin da ya fito ke nan. Alƙalin ma ya san al'adar, ya yi dariya, amma ya ce ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba.

Takarda ta uku 'yar guntuwa ce, an yage ta daga littafin makaranta, rubutun mahaifina ne da tawadar allo. Ba sunana a ciki, ba a ma ce ga wanda aka rubuta wa ba. Bayan sallama ya ce damina ta yi kyau, an samu dawa. Ya ce jikar jar saniyar nan ta haifi maraƙi namiji, uwa da ɗa lafiya. Ya ce shekarar fari da ta wuce an sayar da na sayarwa, amma ba a taɓa ko ɗaya daga zuriyarta ba, suna nan suna jiran mai su. Ya rufe da addu'a.

Ustazu ya jefa alƙalami a kan tebur. "Labarin saniya. Mutum yana nutsewa an aiko masa da labarin saniya."

Ni kuwa na juya na fuskanci taga. Da ya ga haka ya sassauta murya ya ce in gaya masa abin da bai gani ba. Na gaya masa. Ya yi ta tambaya kamar ɗalibi, yana rubutawa. Can ya ce kakarsa ma ba ta taɓa kiran sunan babban kawunsa ba, wancan take cewa, su kuwa sun ɗauka ba ta son shi ne. Ya daɗe yana kallon guntuwar takardar. Sa'an nan ya ce, "Duka ukun za mu shigar."

Ranar zama, Modu ya goge mini riga da dutsen gugar ɗakin girki, ya ce kada in je in kunyata shi, ubangidana. Kwamitin mutum uku ne a bayan dogon tebur. Akwai hafsan tsaro, matashi mai gashin baki, shi ne ya soke katin. Akwai Baturen kamfani, wanda ya fi kallon agogonsa a kan kallona. A tsakiya wani tsoho ne mai farar hula, aka ce tsohon alƙali ne, asalinsa mutumin sahara.

Hafsan ya fara, Ustazu yana juya mini a kunne. Ya ce ba ya ƙina, amma bayan wayar nan akwai abin da ashana ɗaya za ta tashi gari da shi, ba zai bar mutumin da bai san ko waye ba ya shiga da mota. Na ji maganarsa, na ga in ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Ya ɗaga shaidar mahaifina ya ce, ga mutumin da aka ce shi ne uban, an tambaye shi a gaban alƙali, ya ƙi amsawa.

Ustazu ya miƙe. Ya bi takardunsa ɗaya ɗaya, yatsa da hoto da shaidar aiki. Da ya zo kan shaidar mahaifina sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun aika gida mun faɗi kalmomin da muke so a rubuto. Da wannan mutum ɗan damfara ne mai abokan damfara, da abin da muka nema shi za a aiko, da hatimi biyu ma. Wa zai ƙirƙiro shaidar da za ta cuce shi? Wannan takarda ba ta da amfani ga maƙaryaci. Mai gaskiya ne kaɗai zai shigo da ita ɗakin nan."

Tsohon ya karɓi guntuwar takardar mahaifina, ya kai ta kusa da ido. Ya ce baƙaƙen nasu ne, har da irin rubutun da ya koya yana yaro, amma bai gane ko kalma ɗaya ba bayan sallama. Ya miƙo mini ya ce in karanta yadda take. Na karanta da Hausa a tsaye, Ustazu yana fassarawa. Bature ya daina kallon agogo.

Tsohon ya ce, "Ya taɓa kiran sunanka?"

"Bai taɓa ba."

"In yana son ka kawo masa ruwa fa?"

"Sai ya ce da wanda ke kusa, a ce da wancan ya kawo ruwa. Ko da mu biyu ne kawai a wurin, sai ya faɗa wa iska."

"To da me ka san ubanka ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu ranar suna uba yana nuna wa jariri karsana a cikin garkensa. Ita da duk abin da ta haifa na yaron ne. Tawa ja ce. Ta mutu tun ina bin mota, wannan da ake magana jikarta ce. Shekarar fari ya sayar da shanunsa, har da san nomansa, ya koma noma da hannu da tsufansa. Sai a takardar nan na ji bai taɓa nawa ba."

"Wanda ya riƙe ka bai ba ka saniya ba?"

"Teila ne. Ya ba ni duk sauran abin da nake da shi."

Hafsan ya ce saniya ba takardar haihuwa ba ce. Tsohon ya ce gaskiya ne. Ya ce amma a inda ya fito, ɗan raƙumi ake ba jariri, kuma ya yi shekaru yana raba gado, bai taɓa ganin wanda ya kwana da yunwa don raƙumin ɗan wani ba. Suka sa muka fita.

Mun fi sa'a a baranda. Ustazu yana ta tambayata yadda ake gane zuriyar saniya ɗaya a cikin garke, ina yi masa bayani, don kada mu yi tunanin abin da ke bayan ƙofa.

Da aka mayar da mu tsohon ya karanta hukunci. Biyu sun yarda, hafsan bai yarda ba, an rubuta rashin yardarsa. Rantsuwata gaskiya ce, an cire kalmar ƙarya daga fayil ɗina, ba za a kai ni wurin 'yan sanda ba. Amma fasfon ba daidai yake ba. Ba za a mayar mini da jan kati ba sai na je ofishin jakadancinmu an gyara sunan. Kafin nan a ba ni fari, in riƙa wankin motoci a waje. Ya ajiye takardar ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai mai karatu ne. Ka san addini ya ce a kira kowa da sunan ubansa. Kunya abu ne mai kyau, amma shekara talatin kana yawo da sunan da ba naka ba."

Wannan magana ta fi almakashin mai gadi yi mini zafi.

Gyaran fasfo ya ci wata uku, da tafiya Tarabulus, babban birnin ƙasar, sau biyu. Ma'aikacin da ya karɓi takarduna Bakatsine ne, ya karanta ya yi dariya ya ce in aka bi wannan ka'ida rabin mutanen Arewa sai an sake musu fasfo, har da shi. Wankin mota bai dame ni ba. Abin da ya dame ni wasiƙar da zan rubuta wa Baba Hamidu, in gaya masa na cire sunansa. Na fara ta ya fi sau biyar ina yagewa. Mutumin da ya yi jinyata lokacin ƙyanda, ya ɗinka mini kowace riga da na taɓa sawa, ya tuƙa keke har Gwaram da yayansa a baya don ya cece ni, sakamakonsa ke nan.

Amsarsa gajeriya ce. Ya ce, riƙo aka ba ni, ba a ce na mallaka ba. Malamin makaranta ne ya rubuta, ni kuma na ji daɗi na yi shiru, wannan laifina ne ba naka ba. Ka mayar wa mai abu abinsa. Amma in ka dawo, gidana za ka fara sauka, wannan ba ruwan Larabawa.

Ranar da sabon kati ya fito aka tara mu a ƙofa ta biyu, mu kusan goma, magatakarda yana kira ana karɓa. Ina tsaye ina kallon motata a can ciki, an bar ta da ƙura. Na ji an kira wani suna, ba a amsa ba. Aka sake kira. Na waiwaya ina neman mai sunan, ina cewa a raina wane irin sakarai ne wannan, ana ba shi jan kati yana barci. Mutanen da ke bayana duk ni suke kallo.

Magatakarda ya ɗaga katin ya gwada hoton da fuskata, ya kira a karo na uku, a hankali, kamar mai koya wa yaro.

"Yusufa Jibrin Usmanu."

Na ce, "Na'am."